Tambayoyi da Amsoshi Kan Yadda Ake Zana Jarumai Mata a Labaran Zane na Intanet

Duk ranar Asabar da hantsi nakan zauna da wasu matasa a wani ɗaki da muke aro a Samaru, Zariya, muna koyon zanen labari, irin wanda ake jera hotuna a sa magana a bakin mutanen ciki. Kusan dukkansu a waya suka fara cin karo da wannan fasaha, kuma kusan dukkansu da zarar an ce su zana mace sai hannunsu ya tafi inda ya saba gani. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi dawowa. Wasu daga ɗaliban suka fito, wasu daga iyayensu, ɗaya kuma daga wani dattijo maƙwabci da ya leƙo ya ga abin da muke ɓata wa lokaci.

Me ya raba labarin zane na intanet da katun ɗin jarida ko littafin zane?

Irin wanda ya fi yaɗuwa a wayoyin yaranmu daga Koriya ta Kudu ya taso. Kamfanin Daum ya buɗe shafinsa a 2003, Naver ya biyo baya a 2004, sannan a 2014 aka fitar da manhajar Webtoon ga sauran duniya da Turanci. Akwai kuma Tapas da ire-irensa. An tsara su ne domin allon waya: hoto a ƙarƙashin hoto, kana ja da babban yatsa daga sama zuwa ƙasa.

Wannan jan yatsan yana da hannu dumu-dumu a maganar da muke yi. A shafin takarda idon mai karatu yana da 'yanci, ya kalli kusurwar da ya ga dama. A waya kuwa mai zane ne ke riƙe da akalar idonka. Idan ya so, sai ya shimfiɗa jikin mace a hoto guda mai tsawon allo uku, ya fara daga ƙafa, kai kana ja, kana wuce cinya da ƙugu da ƙirji, kafin ka isa fuskarta ka ji abin da take faɗa. Ba ka zaɓi wannan kallon ba, amma da yatsanka aka yi shi.

Malama, ai kyau ba laifi ba ne. Me ake nufi da an mai da jaruma abin sha'awa?

Babu wanda ya ce a zana mummuna. Ko a tatsuniya 'yar sarki kyakkyawa ce. Abin dubawa shi ne inda mai zane ya ajiye idon mai karatu, da dalilin ajiye shi a wurin. Wata masaniyar fim 'yar Ingila, Laura Mulvey, ta yi rubutu a 1975 kan yadda kyamarar finafinan Amurka take kallon mace da idon namiji: shi yana aikatawa, ita ana kallonta. Zane ya fi fim sauƙin faɗawa wannan rami, domin babu 'yar wasa mai ƙashi da gaɓoɓi da za ta ce wa darakta bayanta ba zai lanƙwasu haka ba.

Ga misali. Jaruma ta ɗauki waya aka faɗa mata mahaifinta ya rasu. Mai zane ɗaya zai nuna hannunta da ya saki kofin shayi, ko idonta da ya ƙafe. Wani kuma zai ɗauko ta daga baya, daga ƙasa, ta murɗe jiki yadda ƙugu da ƙirji za su fito a hoto ɗaya. Labarin bai canza ba, kalmomin ba su canza ba, amma na biyun ya gaya maka cewa ko a ranar makokinta aikinta shi ne ta burge ka.

Wani ɗalibina ya taɓa kawo mini jarumarsa tana tsakiyar faɗa, takobi a hannu, fuska da ƙirji suna kallonmu, mazaunai ma suna kallonmu. Na ce masa, "Tashi ka tsaya mana yadda ta tsaya." Ya miƙe yana dariya, ya ɗauki tsintsiya a madadin takobi, ya juya ƙugu, ya yi ƙoƙarin juyo da kafaɗa, sai ga shi ya dafe bango. Ya ce, "Malama, wallahi bayana." Ajin ya kwashe da dariya, shi ma ya yi. Ba ni na ƙago wannan gwajin ba. A ƙarshen 2012 wasu masu zane a shafin sada zumunta na Tumblr suka fara ɗauko hotunan jarumai mata suna sake zana su da jarumi namiji, Hawkeye na kamfanin Marvel, a tsayuwa iri ɗaya da tufafi iri ɗaya. Duk tsayuwar da ta zama abin dariya a jikinsa, dama can abin dariya ce, sabo ne ya rufe mana ido.

Me ya sa masu zane suke yawan yin haka? Lalacewa ce kawai?

Akwai masu yi don son zuciya, amma ruwa ba ya tsami banza. Mai karatu yana shiga manhaja ya tarar da ɗaruruwan labarai, kowanne da ɗan hoton talla da bai fi faɗin ɗan yatsa biyu ba. Cikin daƙiƙa ɗaya zai taɓa ko ya wuce. Wanda ya sa jikin mace a wannan ɗan hoton ya san abin da yake yi. Sannan kuɗin yana bin yawan masu buɗewa ne, ta hanyar talla da kuma sulallan da ake saya don karanta babin gaba kafin a sake shi kyauta. Harkar ba ƙarama ba ce: a 2021 Naver ya sayi Wattpad, inda marubutanmu na Hausa da yawa ke zuba littattafansu, kan kuɗi kusan dala miliyan 600, a shekarar kuma kamfanin Kakao na Koriya ya sayi Tapas.

Sai kuma gajiya. Babi ɗaya a kowane mako, hotuna masu launi da yawa, shekara da shekaru. Mai zanen da lokaci ya ƙure masa yakan koma ga jikin da hannunsa ya haddace: siririn ƙugu, doguwar ƙafa, ƙaramin hanci. Shi ya sa za ka ga uwa da 'ya da kishiya da likita duk jiki ɗaya, gashi ne kawai ya bambanta. Yaranmu kuma daga waɗannan suke kwafa tun kafin su taɓa zama su kalli yadda mace ta gaske take ɗaukar tulu.

To idan na sa wa jarumata hijabi har ƙasa, ba shi ke nan ba?

Wannan ita ce tambayar da na fi so, domin a nan ne mu 'yan Arewa muke yaudarar kanmu. Muna ganin matsalar ta Turawa da 'yan Koriya ce, mu da mun yafa mata mayafi mun fita. An gudu ba a tsira ba.

Na farko, ana iya yin wancan kallon ta cikin tufafi. Na sha ganin abaya da aka zana ta manne kamar an jiƙa ta da ruwa, iska kullum tana kaɗawa ta ɓangaren da zai fito da sura, leɓe ya sha jan baki yana ƙyalli, idon mai karatu kuma an ajiye shi daidai inda aka saba. Yadi ya ƙaru, niyya tana nan.

Na biyu ya fi ɓoyuwa. Wata marubuciyar labaran zane 'yar Amurka, Kelly Sue DeConnick, tana da wani ma'auni: idan za a iya cire macen a ajiye kyakkyawar fitila a gurbinta, labarin kuma ya tafi lafiya lau, to akwai sauran aiki. Na gwada wannan a kan wani labari da wata ɗalibata ta kawo. Jarumarta kamila ce, hijabi har ƙasa, kai a sunkuye. An yi mata auren dole ta yi kuka. Uwar miji ta zage ta ta yi kuka. Kishiya ta yi mata sharri ta ɗaga hannu sama. A babi na goma sha biyu mijin ya gane gaskiya da kansa, saboda ya ji kishiyar tana waya. Na tambaye ta, "A duk babin nan, wane abu guda ne ya faru saboda ita ta yanke shawara?" Ta daɗe tana juya takardun. Babu. Wannan ma fitila ce, an dai lulluɓe ta. Wancan ya zana mace don a yi sha'awarta, wannan ta zana ta don a tausaya mata, a duka biyun kallonta kawai ake yi.

Akwai waɗanda suka nuna cewa sutura da zurfin hali suna tafiya tare. Deena Mohamed 'yar Masar ta fara wallafa Qahera a intanet a 2013, jaruma mai hijabi da ke fatattakar masu tsokanar mata a titi, kuma tana da baki a kan Turawan da ke ganin sai sun cire mata mayafi za su cece ta. Tana da fushi, tana da gatse. Kamala Khan ta Marvel kuwa, wadda jerin labarinta ya fara a 2014, yarinya ce Musulma 'yar asalin Pakistan a birnin Jersey City na Amurka. A farkon labarin da ta samu ƙarfinta sai ta rikiɗe ta koma siffar farar jarumar da take so, da gashi mai ruwan zinariya da matsattsun kaya da dogayen takalma. Nan take ta gane takalman suna matse ta, gashin yana shiga mata ido, kayan sun hana ta sakewa. Da wannan 'yar dariyar marubutan suka faɗi abin da wani zai cika shafi goma yana wa'azi a kai.

Mene ne zurfin halin da kike ta magana a kai?

Ta so wani abu, son ya kasance nata, kuma ya jawo mata asara. Ta kasance da aibin da ba na ado ba. Yawan kirki ko yawan tuntuɓe a gaban saurayi ba aibi ba ne.

Mu ɗauki yarinya mai tuyar awara a Tudun Wada. Ta ci jarrabawa, tana son karatun jinya, kuɗin rajista bai cika ba. Mahaifiyarta ce uwar adashen unguwa, kuɗin yana cikin kwalla a ƙarƙashin gado. Yarinyar ta ɗiba da niyyar mayarwa kafin ranar kwasa. Ranar ta zo, mai ɗauka kuma maƙwabciya ce da za ta aurar da 'ya. Yanzu mai karatu ba ya tambayar ko tana da kyau. Tambayarsa ita ce za ta faɗa ko za ta bar uwarta ta ɗauki kunyar. Duk abin da ta zaɓa, mun san ta fiye da yadda muka san mace ɗari masu takobi.

Akwai wani tsohon ma'auni da ya fito a zanen Alison Bechdel a 1985: a samu mata biyu a labari, su yi magana da juna, kuma maganar ba ta namiji ba. Yana da amfani wajen tsinto gibi, amma matakin farko ne kawai. Mata biyu suna iya hira kan farashin atamfa alhali dukkansu fanko ne.

Ai mata ne ke zana da yawa daga cikin waɗannan labaran. Su ma ana zarginsu?

Ana yi. Lore Olympus na Rachel Smythe 'yar New Zealand, labarin allolin tatsuniyar Girka, wanda ya fara fita a Webtoon a 2018 kuma ya ci kyautar Eisner, babbar lambar yabo ta labaran zane, fiye da sau ɗaya, ya samu yabo kan yadda ya bi jarumarsa bayan an ci zarafinta, har zuwa neman taimako da buɗe baki. Shi ɗin dai ya sha suka kan yadda ake zana ta ƙarama mai manyan idanu da cikar jiki, tana 'yar shekara 19, masoyinta kuma ya haura shekara dubu biyu. Duka maganganun biyu gaskiya ne, kuma mai karatu na iya riƙe su tare.

Wani abin da na lura da shi a labaran da mata suka fi so shi ne inda ake jibge laifi. A The Remarried Empress sarki ya kawo wata baiwa da ta gudo ya fifita ta a kan sarauniya. Masu karatu sun fi tsanar baiwar a kan sarkin da ya kawo ta. Duk wanda ya taso da tatsuniyar bora da mowa, ko ya karanta littattafan soyayyarmu, ya san wannan waƙar. Ana gina jaruma ta hanyar rushe wata mace, a zana waccan da ƙananan kaya da karairaya don a nuna ita ce 'yar iska. Nan ma jiki aka mai da hujja.

Ina so in zana Sarauniya Amina. Ta ina zan fara?

Kusan kowane ɗalibi sai ya zo da Amina, kuma ba mamaki, muna zaune a inuwar dutsen Kufena, Turunku da ake danganta ta da shi ba nisa, ganuwa tana nan ana gani. Abin da ke ba ni haushi shi ne rabinsu suna kawo ta da rigar mama ta ƙarfe da cibiya a waje, kamar wadda ta tsero daga wasan kwamfuta. Mayaƙin da ya bar cikinsa a buɗe a gaban maharba ba jarumi ba ne, gawa ce da ba ta faɗi ba tukuna. Idan Sallah ta zo je ka ƙofar fada ka tsaya ka kalli 'yan lifida da 'yan sulke, ka ga kaurin lifidi, yadda kwalkwali yake zama, yadda nauyin kayan yake canza zaman mutum a kan sirdi. Zana wannan.

Sannan a duba abin da aka rubuta a kanta. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambace ta, har ya ce Sarkin Nupe ya aiko mata da bābānni arba'in da goro dubu goma. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya ambace ta a Infaƙul Maisuri. Ga yaƙi, ga haraji, ga hanyoyin fatauci, ga ginin ganuwa. Amma sai ka ga abin da ya fi jan hankalin mai zane shi ne zancen baka da ke cewa a kowane gari takan ɗauki namiji ta kwana da shi a kashe shi da safe. Wanda ya bar duk wancan mulkin ya kama wannan, ya faɗa mana abin da yake nema. Ni tambayoyin da nake son gani su ne: yaya ta shawo kan manyan mayaƙan da suka girme ta? Me ta rasa a gida saboda shekarun da ta yi a kan doki? Yaya take da ƙanwarta Zariya?

Roye Okupe na YouNeek Studios ya fitar da Malika a 2017, sarauniyar wata ƙasa ta ƙage mai suna Azzaz, kuma bai ɓoye cewa Amina ce ta ba shi haske ba. Ya yi nasa. Namu da muke jin kirarinta da harshen da aka yi shi bai fito ba tukuna. A garin nan ne kuma, a 1958, ɗaliban zane irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiya suka ce za su ɗauki dabarar Bature su haɗa da abin gidansu, ba za su zama 'yan kwafa ba. Okeke ya koma ga zanen uli, wato adon jiki da bango na matan Ibo. Mu ga lalle, ga aikin allura a wuyan riga, ga zanen bangon Birni.

Ya halatta a sa fyaɗe ko duka a labari?

Abu ne da ke faruwa, rufe ido ba ya kawar da shi. Amma a tambayi kai labarin wa ake bayarwa. A 1999 Gail Simone ta jera sunayen mata da aka kashe ko aka nakasa a labaran zane don kawai jarumi namiji ya samu dalilin fushi. Ta ɗauko sunan jerin daga wani babin Green Lantern na 1994 inda jarumin ya dawo gida ya tarar an kashe budurwarsa an cusa ta a firji. Idan bayan abin ya faru zanen ya bi yayanta yana neman fansa ita kuma ta ɓace, to an yi amfani da ita sau biyu. Kuma ba a zana wurin da haske mai taushi da yagaggiyar riga da aka tsara don ido. Rufaffiyar ƙofa da takalmi ɗaya a tsakar gida sun isa.

'Yata tana kwana a kan waya tana karanta waɗannan abubuwa. In ƙwace wayar?

Kafin ki ƙwace, Hajiya, ki zauna kusa da ita ki ce ta nuna miki wanda ta fi so. Manyan manhajojin suna sa alamar shekaru da gargaɗi a kan labarai, amma shafukan sata da ake turawa a WhatsApp da Telegram babu ruwansu da wannan, kuma tallace-tallacen da ke gefensu sun fi labarin muni. Abin da ya kamata ya tayar miki da hankali nan take shi ne fuskar ƙaramar yarinya a kan jikin babbar mace, ko 'yar makaranta da ake zanawa don sha'awa. Wannan babu tattaunawa a kansa. Sauran kuwa ki tambaye ta me jarumar take so a rayuwa ban da saurayin. Yadda za ta amsa zai nuna miki da wane ido take karantawa.

Shi zanen mutum ɗin ma, addini ya yarda?

Wannan ita ce tambayar dattijon. Na ce masa, "Baba, fatawa ta malamai ce." Sananne ne cewa akwai hadisai masu tsanani kan yin surar mai rai, kuma malamai sun yi saɓani kan iyakarsu. A mazhabar Malikiyya ana bambanta mutum-mutumi mai inuwa da zane a kan shafi. Duk ɗalibin da zuciyarsa ba ta kwanta ba nakan ce ya je ya tambayi malaminsa kafin ya ci gaba. Dattijon ya duba zanen mai awarar nan da ke kan tebur, ya ce ta yi kama da jikarsa, ya fita.

Idan an bar nuna jiki, ta yaya za a zana soyayya ta ji daɗin karantawa?

Mu da muka gaji zance a zaure bai kamata mu yi wannan tambayar ba. Tabarma, tazarar da ke tsakani, ƙanin da aka aiko da ruwa ya ƙi tafiya, yatsunta suna murza bakin mayafi, shi yana kallon ƙasa yana faɗin abin da bai zo faɗa ba. Jan yatsan nan da na yi ƙorafi a kansa a farko, a nan yana yi maka aiki: bar dogon fili fari tsakanin tambayarsa da amsarta, mai karatu ya yi ta ja yana jira.

Ba ni da kwamfutar zane. Me zan yi wannan makon?

Waya ta isa, akwai manhajoji na kyauta irin su ibisPaint, amma kafin nan a sayi littafi mai farar takarda da fensir. Aikin da nake ba sababbin ɗalibai shi ne su je kasuwar Sabon Gari ko tashar Kwangila su zano mata goma, bayan sun nemi izinin duk wadda za su tsaya a gabanta, kuma kada biyu su zo da jiki ɗaya. Mai goyo tana ciniki, tsohuwa mai daddawa, 'yar jami'a da jakar baya tana rigima da ɗan acaɓa kan canji. A ƙasan kowacce a rubuta layi ɗaya: me take son ta samu kafin magariba.

Ɗalibin nan mai ciwon baya ya dawo da tara. Ta goman, in ji shi, wata mai fura ce da ta kama shi yana satar kallonta, ta karɓi littafin, ta duba, ta ce ya rage mata hannu, ita damtsenta ya fi haka, ya zauna ya gyara kafin ya tafi.